Alhamzar Sa'adu da Nahawun Rumbun Bayanai

 

An nemi in yi magana a kan kurakuran nahawu da ake yi wajen rubuta tambaya ga rumbun bayanai da harshen SQL, da kuma hanyar gyara su. Zan fara da abin da na gani da idona. Wani ɗalibina ya taɓa zuwa ofishina rungume da kwamfutarsa, ransa a ɓace. Ya rubuta manhajar rajistar ɗalibai, ta karɓi Musa, ta karɓi Binta, ta karɓi Lawal, amma da aka shigar da Sa'adu sai ta cije. Kwana biyu ya yi yana cire wannan yana saka wancan. Na tambaye shi abin da saƙon kuskuren ya ce, sai ya amsa mini cewa shi dai ya ga jan rubutu da lamba 1064. Bai karanta ba. Matsalar yawancinmu ke nan.

Harshen nan ya girmi mafi yawan waɗanda ke cikin ɗakin nan. A 1970 Edgar Codd, masanin lissafi a kamfanin IBM da ke San Jose ta Amurka, ya wallafa maƙalar da ta kawo tunanin ajiye bayanai a tebura masu dangantaka da juna. A 1974 Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka fito da harshen da suka kira SEQUEL, wanda daga baya ya koma SQL. Burinsu shi ne ya yi kama da Ingilishi, ta yadda ko wanda bai iya rubuta manhaja ba zai iya tambayar rumbu. Wannan kamar ce take yaudarar mai koyo. Mutum, idan ka yi masa tuntuɓen harshe, zai gane nufinka ya wuce. Injin rumbu ba ya haka. Yana yanka rubutunka gunduwa-gunduwa, ya bi daga hagu zuwa dama yana auna kowace gunduwa da ƙa'ida, kuma da zarar ya ci karo da wadda ba ta da mazauni sai ya tsaya ya yi kuka.

Ku riƙe wannan da kyau, domin rabin aikin yana nan: wurin da injin ya nuna maka shi ne inda ya faɗi, inda ya yi tuntuɓe kuwa yana ɗan baya. Idan ka rubuta SELECT suna, gari, FROM dalibai, rumbun MySQL zai ce akwai matsala kusa da FROM. Kalmar FROM lafiyarta ƙalau. Waƙafin da ya yi saura bayan gari shi ya sa injin yake jiran wani suna, sai ga FROM ta faɗo masa. Haka SQL Server yake yi da saƙonsa mai lamba 156, haka PostgreSQL da 42601, wanda har ɗan tsinke yake sakawa a ƙarƙashin wurin. Saboda haka ka ɗora yatsa a inda aka nuna maka, ka koma baya kalma ɗaya ko biyu. Waƙafi, ko baka da aka buɗe ba a rufe ba, ko alamar zance, galibi a nan za ka tarar da su.

Yanzu mu koma ga Sa'adu. A SQL, ana kewaye rubutu da alamar zance mai ƙwaya ɗaya, kuma ita ce alamar da muke rubuta alhamza da ita a boko. Idan manhaja ta haɗa WHERE suna = 'Sa'adu', injin zai ga rubutu ya buɗe, ya ga Sa, ya ga rubutu ya rufe. Sai ga adu a tsaye ba uwa ba uba, sannan wata alamar ta sake buɗewa ba ta rufe ba. Saƙon da ɗalibina ya ƙi karantawa adu ɗin yake nunawa ƙarara.

Gyara iri uku na sani, kuma ba daidai suke ba. Na farko shi ne wanda ya fi yawa, shi ne kuma ya fi ci mini rai: a sa manhaja ta share alhamza daga duk sunan da ya shigo. Kuskure ya yi shiru, amma Sa'adu ya koma Saadu, Rabi'atu ta koma Rabiatu, garin Jama'are ya rasa harafinsa. Garin neman gira an rasa ido. Wannan sunan ne zai fita a takardar shaidar kammala karatu, kuma ranar da aka gwada shi da na katin ɗan ƙasa aka ga sun saɓa, mai sunan ne zai yi ta sintiri tsakanin ofisoshi yana rantsuwa a kotu, wanda ya rubuta manhajar kuwa ko labari ba zai ji ba. Sunan mutum amana ce a hannunku.

Na biyu shi ne a ninka alamar, a rubuta 'Sa''adu'. Ƙa'idar harshen ta yarda da haka, kuma ya wadatar idan kai ne ke buga tambayar da hannunka. Na uku shi ne na gaskiya: kada ka taɓa manna abin da mutum ya shigar a cikin jimlar umarni. Ka bar masa gurbi, a yawancin harsuna da alamar tambaya, ka aika jimla daban, sunan kuma daban. Injin zai gama fahimtar ginin jimlar kafin ya ga sunan, don haka ko alhamza goma ce a ciki ba ruwansa.

Dalilin da ya sa nake matsa wa wannan ya wuce maganar suna. Ƙofar da alhamzar Sa'adu ta bi ta rikita umarninka bisa tsautsayi, ita ɓarawo zai bi da gangan ya rufe rubutunka ya ɗora nasa umarnin. Tun 1998 Jeff Forristal ya bayyana wannan dabara a mujallar Phrack. Duk da haka a 2015 ta nan aka shiga rumbun kamfanin sadarwa na TalkTalk a Birtaniya, aka kwashi bayanan mutum kusan 157,000, hukuma kuma ta ci kamfanin tarar fam 400,000. Duk manhajar da ta faɗi a kan Sa'adu tana gaya maka cewa katangarka a tsage take.

Wani tushen kuskuren shi ne karin harshe. An daidaita SQL a Amurka a 1986, duniya ta karɓa a 1987, amma kowane rumbu da nasa lafazin, kamar Kananci da Sakkwatanci. Idan layi goma kawai kake so, MySQL da PostgreSQL da SQLite sun san LIMIT, SQL Server ya san TOP, Oracle kuwa sai a fitowarsa ta 12c a 2013 ya karɓi FETCH FIRST. Alamar zance mai ƙwaya biyu, MySQL yana ɗaukarta rubutu, PostgreSQL yana ɗaukarta sunan ginshiƙi. Kalmomi irin su ORDER da GROUP na harshen ne, ba a raɗa wa tebur su haka kawai, kuma jerin yana ƙaruwa: RANK ta shiga cikinsu a MySQL 8.0, sai tambayoyin da suka yi shekaru suna aiki suka wayi gari suna faɗuwa. Kafin ka kwafo amsa daga intanet, ka duba da wane rumbu mai amsar yake magana. Wanda kuma ya kwafo daga Word ya kula, Word yakan lanƙwasa alamar zance ta koma wadda injin bai sani ba.

Sai tsarin aiki. Da SELECT muke fara rubutu, amma injin da FROM yake fara lissafi, sai WHERE, sai GROUP BY, sai HAVING, sannan SELECT, sannan ORDER BY. Shi ya sa laƙabin da ka raɗa a SELECT yawancin rumbuna ba sa gane shi a WHERE, ba a haife shi ba tukuna. Shi ya sa kuma sharaɗin da ya dogara da COUNT wurinsa HAVING.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne kuskuren da ba ya kuka. Rubuta SELECT suna gari FROM dalibai, ka manta waƙafi: injin zai ɗauka gari laƙabi ne, ya kawo maka sunayen mutane a ƙarƙashin kan da ke cewa gari. Rubuta WHERE waya = NULL maimakon IS NULL: zai dawo hannu rabbana, ka kai rahoto cewa kowa yana da lambar waya. Haɗa AND da OR ba baka, AND ce za ta riga. Mafi muni, UPDATE ko DELETE da ba WHERE jimla ce ingantacciya a nahawu, kuma tebur ɗin gaba ɗaya za ta taɓa. Don haka ni ba na gudanar da ɗayansu sai na fara gwada sharaɗin da SELECT na ƙirga layukan, sannan in buɗe da BEGIN domin in sami damar ROLLBACK.

Ɗalibin nan ya koma ya sa gurabe a tambayoyinsa, aikin bai ci masa awa guda ba. Tun daga ranar, duk wanda ya kawo mini manhaja, sunayen da nake fara shigarwa su ne Sa'adu, Rabi'atu, 'Yar'adua mai alhamza biyu, sai Ƙanƙara da Ɗanbatta, don in ga ko haruffanmu masu lanƙwasa za su dawo yadda suka shiga. Wanda ya zo da kwamfutarsa yau, ya same ni bayan tambayoyi mu gwada su tare.