Ƙafar Saniya da Wake

Zancenmu na yau na tukunya ne, saboda haka matan gida ku matso kusa. Kai ma maigida kada ka tashi, gama kai ne mai zuwa wurin mahauta.

Tsoka ta fi ƙarfin mutane da yawa. Abin da talaka ya kan iya saye ran kasuwa shi ne ƙafar saniya, ko ta rago, ko ƙashi mai ɓargo. Wannan ba abin kunya ba ne. Tun da daɗewa talakawan Turai da na jihohin kudu na Amurka su kan dafa wake da ƙafar alade wadda aka yi wa gishiri aka ƙyafe. Musulmi ba ya cin alade, amma dabarar ɗaya ce da tamu: ƙashi guda ya ba babbar tukunya ɗanɗano, wake kuwa ya ƙosar da gida.

Maigida, ka saya wurin mahaucin da ka san yau ya yi yanka, kuma an duba dabbarsa. Kada arha ta ja ka ga naman dabbar da aka yanka tana ciwo, don akwai cututtukan dabbobi masu kama mutum har su kashe shi. Ka sa mahauci ya sare maka ƙafar gunduwa-gunduwa.

Uwargida, ki babbake gashin da wutar itace, kada ki yarda da wadda aka babbake da tsohuwar taya ko roba. Ki kankare, ki wanke sarai da ruwa mai tsabta, ki tsince ɓarɓashin ƙashi. Ki zuba a tukunya, ruwa ya sha kanta. In ta tafasa ki kwashe kumfa, sa'an nan ki janye itace, ta riƙa dahuwa a hankali awa uku ko huɗu. Ki sa albasa, da citta, da masoro, da daddawa. Gishiri sai can ƙarshe. In fata da jijiya sun saki ƙashi, ta nuna.

Romon nan kada ya ƙare a ragadada ta dare ɗaya. Ki raba shi. Kashi ɗaya ki kaɗa miyar kuka ko ta kuɓewa, kashi ɗaya ki dafa wake.

To, ga inda na ke so ku buɗe kunne. Mutane da yawa suna tsammani dukan amfanin nama yana komawa cikin romo, tun da sun ga ya yi kauri, in ya huce har ya daskare. Sai a ba yaro romo a kan tuwo, manya su cinye nama. Wannan kuskure ne babba. Kaurin nan daga fata da jijiya ya ke fitowa, kuma abincin gina jiki da ke cikinsa bai cika ba, ba ya isa ya gina yaro shi kaɗai. Abin da ke ƙarfafa ƙashi ma kaɗan ne ƙwarai ke narkewa cikin ruwan, kome daɗewar tukunya a wuta. Romo yana da ɗanɗano, yana da kitse, yana tayar wa majinyaci da marmarin abinci. Amma abin da ke gina jiki yana cikin naman da ke manne da ƙashi, da cikin waken.

Wake kuwa Allah ya hore mana shi. Duk duniya ba ƙasar da ta kai Nijeriya da Nijar noman irin wakenmu. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen wake abincin gina jiki ne. Abin da gero da dawa suka gaza da shi, wake yana da shi, abin da wake ya gaza da shi kuwa, hatsi yana da shi. Watau in an gama su a ciki ɗaya, kowanne ya cike giɓin ɗan'uwansa.

Ki tsince wake, ki wanke, ki jiƙa shi tun dare, da safe ki zubar da ruwan. Waken da ya jiƙu ya fi saurin nuna, ya rage cin itace, kuma bai cika kumbura ciki ba. Ki zuba shi cikin romo ya dahu har ya yi laushi. Na san an saba jefa kanwa don ya nuna da wuri, amma kanwa tana lalata wani bitamin da ke cikin wake. Wadda ta jiƙa wakenta ba ta bukatarta. Gab da saukewa ki sa manja, da zogale ko yakuwa ko alayyafo, da tumatir. Ganye da tumatir suna taimakon jiki ya sha abin ƙara jini da ke cikin wake. Shayi kuwa hana shi ya ke yi, saboda haka kada a bi faten wake da shayi nan take. Waken da ki ka ji yana warin maganin ƙwari, kada ki dafa shi.

Yanzu ga rabon yaro. Daga haihuwa har wata 6, nono kaɗai, ko ruwa ba ya bukata, balle romo. Daga wata 6 a fara ba shi abinci, ana ci gaba da nono har shekara 2. Ki surfe wakensa ki cire ɓawon, ki ɗebi nasa kafin ki sa barkono da gishiri. Ki zagwanye ɗan nama da hannu mai tsabta, ki tabbata ba ƙashi, ki dama da waken da ɗan tuwo. Ya yi kauri yadda zai tsaya a cokali, gama cikin yaro ƙarami ne, in an cika shi da ruwa ba wurin abinci. Ɗan wata 6 zuwa 8 ya ci sau biyu ko uku a yini, wanda ya fi haka sau uku ko huɗu. A zuba masa a kwanonsa dabam, don in an haɗa shi da yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun share.

Ba yau aka san illar yaye da kunu zalla ba. A shekarar 1933 wata likita mai suna Cicely Williams, tana aiki a ƙasar da a ke kira Ghana yanzu, ta bayyana ciwon yaran da aka cire daga nono aka bar su da kunun masara. Shi ne kwashiyoko, wani nau'i na tamowa. Alamunsa su ne kumburin ƙafafu da fuska, gashi ya yi ja ya yi laushi, fata tana saɓulewa, yaro ya ƙi wasa ya ƙi abinci. Kada ku ce ƙiba ce, kada kuma ku tsaya jiƙe-jiƙe. Yaron da ya kai haka ya wuce maganin tukunya. Ku kawo shi asibiti ran nan, a auna damtsensa, a ba shi abincin tamowa na musamman.

Saura gargaɗi biyu. Na fari, gishiri. Babban mutum bai kamata ya wuce giram 5 a yini ba, watau kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a dukan abincinsa. Dunƙulen ɗanɗano ma gishiri ne ya fi yawa a cikinsa. Romo mai kyau da daddawa sun isa. Mai hawan jini a kwashe masa kitsen da ya taso sama, a rage masa gishiri.

Na biyu, ajiya. Romo da wake suna saurin lalacewa, musamman da bazara. Abin da ya huce ya yi fiye da awa biyu a ajiye, ƙwayoyin cuta sun soma yaɗuwa a ciki, ko da hanci bai ji kome ba. Ki dafa daidai ci, ki rufe tukunya saboda ƙuda. In an sami saura, ki mayar wuta ya tafasa sosai kafin a ci. Ƙaramin yaro dai kada a ba shi kwanannen abinci. Wanda ya yi tsami ko kumfa, zubar da shi ya fi arha bisa ga jinyar gudawa.

Maigida, ran da aka kawo maka akushi, dubi ɗan autanka. Kai ka gama girma, shi yanzu ya ke yi. Ka sha romo, ka tsotsi ɓargo, amma ka gutsura masa nama, ka ga ya ci wakensa.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba mu lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.