Jawabi: Ba kowane tabon hanta ne sankara ba



Zancen yau a kan hanta ne, da ciwon sankara, wanda ake ce ma kansa.

A shekara ta 2021 aka buɗe wurin gashin sankara na farko a Nijar, a birnin Yamai. Gashi wani haske ne mai ƙarfi, wanda ido ba ya gani. Na'ura ce take aika shi cikin jiki, ya kashe ciwon.

Manomi ya sani, in ya sa wuta a gonarsa, takan lashi iyakar maƙwabci. Haka gashi yake. Hanyar abinci tana sauka daga maƙogwaro zuwa tumbi. Ƙarshenta yana dab da hanta. In aka gasa sankara a wurin, gefen hagu na hanta yakan sha zafi, ya kumbura. Kumburin yakan fito daga sati 2 zuwa wata 4 bayan gama gashi.

Bayan gashi ana ɗaukar hoton cikin jiki, don a ga inda ciwo ya kwana. Akwai hoton da sai an yi wa mutum allurar wani irin sukari. Sankara tana shan sukari da yawa, sai wurinta ya yi haske a hoto. To, naman da ya kumbura shi ma yana sha. Sai a zaci sankara ce ta yaɗu zuwa hanta.

Kuskure a nan babba ne. In aka ce ciwo ya yaɗu, ana iya fasa aikin tiyatar da zai ceci mutum.

Shi ya sa lokotoro ba ya garaje. Yana duba ko tabon yana daidai inda haske ya bi. Yakan sa a yi wani hoto dabam. Yakan ɗebo ɗan naman hanta da allura, a bincika. Wani lokaci yakan jira, a sake hoto. Kumburi raguwa yake yi. Sankara kuwa ƙaruwa take yi.

Mai ciwo shi ma yana da nasa aiki. Ya adana takardunsa duka. Ya gaya wa kowane lokotoro ranar da aka yi masa gashi, da wurin da aka gasa. Ya koma ranar da aka sa masa. Kada ya sha jiƙo ko giya, don suna ƙara wa hanta wahala. In ciki ya kumbura, ko ido ya yi ɗorawa, a kai shi likita nan da nan.

Dangi kuma kada su fid da rai saboda hoto ɗaya. Su jira maganar lokotoro ta ƙarshe.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi.