Injiniyan da ya tare ambaliya



Yau Indiya muka nufa, mu tuna da Injiniya Visvesvaraya. Mutumin nan, ruwa ne aikinsa.

A shekarar 1908 kogin Musi ya yi ambaliya, ya ci gidaje da rayuka a birnin Haidarabad. Aka kira shi. Ya ce a gina manyan tafkuna can gaba da gari, su tare ruwan tun bai iso ba. Aka gina.

Ruwan dai, a kogin Kaberi, ya jagoranci gina babbar madatsa, manoman masarautar Maisur suka samu na ban-ruwa. Ya yi wazirin Maisur, a zamaninsa aka kafa jami'a.

Saboda shi Indiya ke bikin ranar injiniyoyi kowace 15 ga Satumba, ranar haihuwarsa. Kuma lallai ya cancanta.