Sauro da Kududdufan Garinmu: Jawabin Taron Shekara

Ranka ya daɗe Hakimi, mai girma Shugaban ƙungiya, iyayenmu malamai, 'yan'uwa maza da mata.

An nemi in yi magana a kan lafiya, ni kuwa na zaɓi sauro. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a shekarar 2022, cikin kowane mutum 100 da zazzaɓin cizon sauro ya kashe a duniya, kimanin 31 a Nijeriya suke, akasarinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. A nan wajenmu cutar takan tsananta ne daga tsakiyar damina zuwa kaka, daidai lokacin da gona ke bukatar kowa. Magidanci ya kwanta mako guda, kuɗin taki ya ƙare a kemis.

Mun saba ɗora wa kwata laifi, kuma lalle tana haifar da sauro. Amma macen sauron da ke ɗauke da zazzaɓin, wadda ke cizo da dare, ta fi son ruwan sama da ya kwanta a sarari: kududdufin da muka haƙi ƙasar gini, ramin masu bulo, har sawun kofaton shanu. Cikin kwana goma ko makamancin haka, ƙwai ya zama sauro. Ita ce kuma ke yaɗa tundurmi a karkara. Ashe da hannunmu muka haƙa mata gida.

Tun 2012 Hukumar ta ba da shawarar a riƙa bai wa yara daga wata uku zuwa shekara biyar maganin kariya kowane wata a damina. Na kwana uku ne: ma'aikaci ya ba da na ranar farko, sauran biyun suna hannun uwa, kuma a nan ne ake yawan sakaci. Allurar rigakafin da aka fara a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024 taimako ce, ba ta ɗauke wa kowa kwana cikin gidan sauro ba.

Makiyaya da mahauta kuwa, don Allah a daina murtsuke kaska da yatsa, domin akwai zazzaɓi mai sa zubar jini da ake ɗauka daga gare ta.

Roƙona, Shugaba, shi ne a ware wani kaso daga kuɗin ƙungiya na bana, a ɗauko tifa a cike ramukan da ke tsakiyar unguwanni kafin watan Yuni, masu unguwanni kuma su hana haƙa sababbi.