Abin da Tashin Hankali Ke Yi wa Tunanin Yaro

Mai girma shugaban taro, iyayenmu sarakuna da malamai, 'yan'uwa maza da mata da kuka taso daga Gusau da Sakkwato da Kano da Kaduna da Abuja, barkanku da zuwa. An nemi in yi magana a kan ilimi, kamar yadda aka saba ɗora wa tsohon hedimasta. Ni kuwa na roƙi arziki a bar ni in taɓo wani gefe nasa da ba mu cika zancensa ba, wato halin da zukatan yaranmu suke ciki.

Babu wanda ke zauren nan da bai san lissafin ba. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar sakandaren Jangebe ta ƙasar Talata Mafara. A watan Agusta aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. Ranar 1 ga Satumba aka ɗauke ɗalibai sama da 70 a Kaya ta ƙasar Maradun, har gwamnati ta rufe makarantun jihar. Sai a Mayun 2022 abin ya iso mana gida, aka auka wa Damri da Sabon Garin Damri da Kalahe, inda rahotanni suka ce an rasa rayuka aƙalla 48. Allah Ya jiƙansu. Mun ƙirga mamata, mun ƙirga shanu da rumbunan da aka ƙona. Amma yaron da ya kwana a daji yana jin ƙarar bindiga, da yake bai yi rauni a jiki ba, bai shiga lissafin kowa ba.

Masana sun bayyana cewa idan mutum ya firgita, jikinsa yakan saki waɗansu sinadarai da ke sa zuciya bugawa da sauri, su shirya shi domin gudu. Wannan rahama ce, domin da ita ake tsira. Matsalar ita ce idan firgicin ya ƙi ƙarewa. Ƙwaƙwalwar yaro tana kan ginuwa ne, musamman a shekarunsa biyar na farko, kuma da abin da ta fi cin karo da shi take ginuwa. In kullum cikin fargaba take, sai sashen da ke gadin haɗari ya yi ƙarfi, sashen da ke riƙe karatu da natsuwa da haƙuri ya yi rauni. Shi ya sa za ka ga yaro yana zaune a aji, idonsa na kan allo, kunnensa kuwa na bakin hanya yana sauraren babur. A biya masa karatu sau goma, gobe ya ce bai taɓa ji ba. Wani ya koma fitsarin kwance bayan ya daɗe da bari, wani ya daina magana, wani ya zama mafaɗaci. Ku lura da wasan yara a yau: karan dawa ya zama bindiga, ana raba 'yan wasa gida biyu, masu kamawa da waɗanda za a biya wa kuɗin fansa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne sunan da muke ba irin wannan yaro. Mu ce daƙiƙi ne, ko mai taurin kai, mu ɗauko bulala. Ni ma'abocin tarbiyya ne, kuma ɗalibaina na nan za su shaida ban yi wasa da ita ba. Amma bulala a kan yaron da tsoro ya riga ya cika wa ciki, ƙara wa Barno dawaki ne kawai.

Ba mu aka fara ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da jiragen Jamus ke ruwan bama-bamai a Landan, wata masaniya mai suna Anna Freud da abokiyar aikinta Dorothy Burlingham sun riƙe gidajen renon yara, suka kuma rubuta abin da suka gani a 1943. Sun tarar cewa raba ƙaramin yaro da mahaifiyarsa ya fi girgiza shi a kan bama-baman kansu, kuma yaro yakan auna girman haɗari ne daga fuskar babban da ke kusa da shi. In uwa ta natsu, yaro yakan natsu. Wannan magana ta shafe ku kai tsaye, domin da yawanku kun karɓi 'ya'yan dangi a gidajenku na birni, Allah Ya saka da alheri. Sai dai in da hali, ƙaramin yaro a ɗauko shi tare da uwarsa ko kakarsa. Wanda ya girma kuwa a sa shi makaranta tare da 'ya'yan gida, kada ya zama shi ne ɗan aike da wanke-wanke. Kuma don Allah a daina buɗe hotunan gawarwaki a waya yara na leƙe.

Akwai bala'in da ba ya ƙara. A 2010 gubar dalma daga aikin zinariya ta hallaka yara sama da 400 a ƙasashen Anka da Bukkuyum. Likitocin ƙungiyar MSF sun yi magani, an kuma kankare ƙasar gidaje a garuruwa irin su Bagega, amma illar da dalma ta riga ta yi wa ƙwaƙwalwa ba ta cika gyaruwa ba. Duk inda ake haƙar zinariya, kada a bari a riƙa daka dutse a cikin gida.

Shi ciwon firgici, alhamdu lillahi, yana jin magani. Yawancin yara sukan murmure in suka sami babba guda da suka amince da shi, da abinci da barci a kan lokaci, da makarantar da ke buɗewa kullum, boko ko allo. A bar yaro ya faɗi abin da ya gani in ya so, kada a tilasta shi, kada kuma a ce masa ya yi shiru namiji ba ya kuka. In an yi wata da watanni yana zabura cikin dare ko ya ƙi cin abinci, a haɗa addu'a da asibiti. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware kusa da Sakkwato, kuma zuwa can ba hauka ba ne.

Roƙona ga shugabanni shi ne, cikin kuɗin da aka tara bana, bayan na rufin azuzuwa, a ware wani abu a gayyato ma'aikacin lafiya da ya san wannan fanni, ya zauna da malaman firamare da na Islamiyya na garinmu ko da na kwana biyu ne kafin a koma hutu.