JAWABIN SAKATAREN ƘUNGIYA KAN HAKKINMU IDAN KAMFANIN KAWO MOTA YA SAƁA ALKAWARI

 

Abin da ya tara mu a yau shi ne koke-koken da ke zuwa ofishin ƙungiya a kan kamfanoni da ejan-ejan masu kawo motocin tokumbo daga Amurka da Turai, da kuma masu ɗaukarsu a tirela daga Legas zuwa gida Arewa. Wani ya biya kuɗi, wata da watanni sun wuce ba mota ba labari. Wani motar ta iso amma an ce sai ya ƙara kuɗin da ba a yi da shi ba. Wani kuma ta zo a fashe, ko an kwashe kayan cikinta. Galibi wannan kuɗi ba na mutum ɗaya ba ne. Akwai na adashi, akwai na marayu, akwai na gonar da aka sayar a gida domin a sayi motar haya.

Idan muka tambayi mai kuka takarda, amsar ɗaya ce: "Ai amana ce, wane ne ya haɗa mu." To jama'a, amana abu ne mai kyau, da ita iyayenmu suka yi fataucin goro da shanu tsakanin Kudu da Arewa. Amma tashar jirgin ruwa ba ta san amana ba, takarda ta sani. Wanda sunansa ke kan takarda shi ne mai mota a idon hukuma. Wannan shi ne kan maganarmu.

Mu fara da abin da ya kamata a yi kafin kuɗi ya bar aljihu.

Na farko, a bincika kamfanin. Ya kasance yana da rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, yana kuma da ofishin da za a iya takawa a je. Masu aikin dakon kaya da fitar da su daga tasha suna ƙarƙashin hukumar CRFFN, wadda dokar 2007 ta kafa. Tambayar ejan shaidar rajistarsa ba raini ba ne. Wanda ya fusata don an tambaye shi, ya riga ya ba mu amsa.

Na biyu, a rubuta yarjejeniya. A sa irin motar, shekararta, launinta da lambar shasinta, wadda a motocin zamani haruffa da lambobi 17 ce. A rubuta jimlar kuɗi, abin da kuɗin ya ƙunsa, ranar da ake sa ran isowa, da wanda zai ɗauki asara idan an yi jinkiri ko ɓarna. Wanda bai iya karatun boko ba, kada ya dangwala yatsa sai an karanta masa an fassara. Akwai dokar kare marasa ilimin karatu, wadda ta wajabta wa marubucin takarda ya sa sunansa da adireshinsa, alamar cewa an karanta wa mai ita kafin ya sa hannu. Mu da muka koyi karatu da girma a ajin yaƙi da jahilci mun san babu kunya a ce "karanta mini". Kunyar ita ce a sa hannu a kan abin da ba a sani ba.

Na uku, a biya ta banki zuwa asusun kamfani, ba asusun wani yaro ba, kuma kashi-kashi: wani abu da farko, wani idan an yi lodi, cikon idan mota ta zo hannu. A karɓi rasit kowane lokaci.

Na huɗu, wanda ya fi duka muhimmanci, shi ne takardar lodin jirgi, wadda 'yan tasha ke kira bil of ladin. A cikinta ake rubuta sunan mai karɓar kaya. Idan sunan ejan ne a wurin ba namu ba, to wuƙa da nama suna hannunsa. A nemi kwafinta da zarar jirgi ya tashi. Da lambarta ko lambar kwantena, yaranmu za su iya duba inda kayan suke ta intanet, ba sai mun jira labarin baki ba.

Dalilin da ya sa jinkiri ke da haɗari shi ne, idan mota ta sauka a Tin Can ko Apapa, kwanakin kyauta kaɗan ne. Daga nan kuɗin ajiya da na jinkiri sai su riƙa hawa kullum, kuma kayan da suka daɗe ba a fitar ba, kwastan na da ikon yin gwanjonsu. Shi ya sa ejan mai cewa "gobe, jibi" yake cin dukiyarmu ko da bai saci sisi ba.

A kuma yi hattara da araha. Daga ranar 1 ga Janairu 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, abin da ya taɓa masu bi ta Kwatano. A 2022 kuma kwastan ta fara ƙiyasta kuɗin fito da lambar shasi. Duk wanda ya ce zai fitar mana da mota a rabin kuɗi, ya sani cewa a kan hanyar Arewa jami'an kwastan za su nemi takardun fito, kuma mai motar ne zai yi asara, ba ejan ba. Araha ba ta ado.

Ga masu ɗora mota a tirela zuwa Kano, Sakkwato ko Maiduguri, a ɗauki hotonta ta kowane gefe kafin lodi, a rubuta abin da ke cikinta a takardar webil, a riƙe lambar tirela da sunan direba, a kuma tambayi ko kamfanin yana da inshorar kayan da ke kan hanya. Mai karɓa a can ya duba kafin ya sa hannu. Idan da ɓarna, a rubuta ta nan take a jikin takardar.

To idan abin ya riga ya faru fa?

Mataki na farko, a tattara shaida: rasit, takardar banki, hotuna da saƙonnin waya. Dokar shaida ta 2011 ta yarda a gabatar da irin waɗannan saƙonni a kotu, don haka kada a goge su don fushi. Na biyu, a rubuta wa kamfanin wasiƙa, a faɗi abin da ake nema da wa'adin da aka ba shi, a riƙe kwafi mai ɗauke da hatiminsa.

Idan bai amsa ba, akwai ƙofofin da za a ƙwanƙwasa. Majalisar masu safarar kaya ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1978 kuma ofishinta ke Apapa, tana karɓar koke a kan kamfanonin jiragen ruwa da cajin tasha. Hukumar kare hakkin masu saye ta FCCPC, wadda ta gaji tsohuwar hukumar CPC a 2019, tana sauraron wanda ya biya kuɗin aiki ba a yi masa ba. A nan Legas gwamnatin jiha tana da cibiyar sasanta 'yan ƙasa wadda ba a biyan kuɗi, kuma a 2018 aka buɗe kotun ƙananan basussuka, inda mutum zai iya tsayawa da kansa ba lauya. Idan kuɗin mai yawa ne, a nemi lauya da wuri, domin ƙara tana da wa'adi, na kayan jirgin ruwa kuma ya fi gajarta.

Mu rarrabe tsakanin saɓa alkawari da zamba. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, don haka kada mu kashe kuɗi muna kai rikicin bashi caji ofis. Amma idan tun farko babu motar, ko an ba mu takardun bogi, wannan damfara ce, ta 'yan sanda da EFCC ce. Muna kuma roƙon matasanmu kada su kwashi jama'a su je ofishin kowa da hayaniya. Yin haka kan mai da mai gaskiya mai laifi, ya kuma jawo a ce rikicin ƙabila ne.

Wasunmu kan ce mu baƙi ne, gara a bar wa Allah. Haƙuri yana da wurinsa, amma tsarin mulki na 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon zama a duk inda ya so a ƙasar, ya kuma hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko asali. Ba a tambayar takardar asalin jiha kafin a karɓi koke. Kuma duk wanda ya yi shiru, ya buɗe wa macucin ƙofar gidan ɗan'uwansa.

Saboda haka ƙungiya tana kira ga duk mai shirin sayen mota ya kawo takardunsa ofis a duba kafin ya biya, mai kuka kuma ya zo da shaidarsa a taya shi rubuta wasiƙa. Za mu ajiye littafi na kamfanonin da suka cika alkawari da waɗanda suka saɓa, bisa hujja ba jita-jita ba, domin na baya su amfana.

Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu.