Sarrafa Numfashi don Rage Damuwa: Lacca ga Mazauna Adidogome

Baligi mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya idan yana zaune. Da zarar hankali ya tashi, jiki yakan sako sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarce ya koma saman ƙirji, wuya da kafaɗu su sandare. Wannan shiri na haɗarin ɗan lokaci ne. A nan Adidogome kuwa abin da ke tayar da shi ba ya yankewa. Ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa, yana kutsawa tsakanin motoci a hanyar Kpalime tun asuba, 'yar kasuwa ta ɗauko kaya bashi daga kasuwar Asigame, magidanci kuɗin haya ya zo masa wuya. Jiki ya yini a ɗaure, da dare barci ya gagara.

Bugun zuciya ba ya bin umarnin mutum, amma numfashi yana bi, kuma su biyun a haɗe suke. Lokacin shaƙar iska zuciya tana ɗan ƙara sauri. Lokacin fitar da ita, jijiyar bagus, wadda ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta bi wuya zuwa ƙirji da ciki, tana rage mata gudu. Ashe amfanin yana wajen fitarwa. Shawarar da aka saba ba mai fushi, wai ya ja dogon numfashi, ba ta cika ba, domin wanda ya yi ta zuƙa da sauri yana zubar da iskar kabon fiye da kima daga jininsa, sai jiri ya kama shi, yatsunsa su yi sanyi.

Yadda ake yi ba wuya. A zauna, a ɗora hannu a ciki, a shaƙa ta hanci ana ƙirga huɗu har ciki ya taso, kafaɗu ba su motsa ba. Sannan a fitar a hankali ana ƙirga shida. Hakan yana saukar da numfashi zuwa kusan 6 a minti. Masana a jami'ar Stanford ta Amurka sun buga bincike a 2023 da ya nuna cewa minti 5 kullum na numfashi mai doguwar fitarwa, tsawon wata guda, ya ƙara walwalar mutanen da aka gwada. Zaman bayan sallar asuba ya dace da shi, haka ma kafin kwanciya. Bisa babur dai a bar hankali a kan hanya. In ƙurar hunturu ta sauko, a yi shi cikin ɗaki.

Atisayen ba ya biyan bashi, ba ya kuma maye gurbin maganin hawan jini ko na asma. Kada a ajiye ƙwaya saboda an ji sauƙi. Ciwon ƙirji mai taho da gumi, ko sarƙewar numfashi farat ɗaya, ba na zaman ƙirga ba ne. A garzaya da mai shi asibiti mafi kusa, ko babban asibitin koyarwa na Sylvanus Olympio da ke Tokoin.